Kasuwar ɗari da masu ita: tarihin Yokmok da abin da ya shafi Arewa

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, lokacin ɗari ne kasuwa ta fi ci. An gama girbi, damman hatsi sun shiga rumbu, wake ya bushe, iskar hunturu ta taso da ƙura, manomi kuma ya samu sararin da bai samu ba tun saukar ruwan fari. A watannin nan ake ɗaura aure, a buga gangar kokuwa da dare, a biya bashin da aka ci da damina. A cikinsu ne kuma, tun zamanin kumandan, ake bin lanho, domin mai karɓar haraji ya san lokacin da talaka yake da abin sayarwa. Saboda haka duk ƙungiyar da ta zauna tunanin shirya bikin al'adun Arawa, da baje kolin kayan gargajiya, hankalinta kan ɗari yake fara zuwa. Akwai wata kasuwar ɗari a can ƙuryar arewacin Turai wadda ta haura shekara 400 tana ci, kuma tarihinta ya cancanci malamai da masu kishin al'ada su san shi, don ya nuna yadda kasuwar da sarki ya kafa domin ya kama mutane ta koma dandalin mutanen nan, da kuma abin da har yau bai koma hannunsu ba.

Sunan garin Yokmok, a rubuce Jokkmokk, a ƙasar Suwidin. Yana can arewa inda a tsakiyar hunturu rana leƙowa kawai take yi ta koma, sanyi kuma kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Ƙasar mutanen Sami ce, al'ummar da ake ƙiyasta yawanta tsakanin 80,000 da 100,000, a warwatse cikin Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha. Maƙwabtansu sun daɗe suna kiran su Lap, sunan da su ba sa so, kamar yadda kalmar arne take da kaifi a bakin wanda ya nufi zagi da ita. Sana'arsu ta asali farauta da su da kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, wadda za a iya kira barewar ƙanƙara: ita ce nononsu, namansu, tufarsu da abin hawansu. Da bazara suna hawa duwatsu da garke, da hunturu su gangaro cikin daji inda dabbobin ke tona ƙanƙara su ci gansakuka. Ɗaya daga cikin wuraren da suke yin zaman hunturu yana wata kwana ta kogin Lule, kuma ma'anar sunan garin a harshensu ke nan, kwanar kogi.

A farkon ƙarni na 17 Karl, wanda ya zama sarki Karl na 9, ya ba da umarnin a kafa tsayayyun kasuwanni da coci-coci a ƙasar Sami. Kasuwar Yokmok tana ƙirga shekarunta daga 1605, cocin kuma ya biyo baya a 1607. Sami ba su jira sarki kafin su san ciniki ba. Tun da daɗewa wasu fatake da ake kira birkarl suna shiga ƙasarsu suna sayen fatu da busasshen kifi, suna karɓar haraji da sunan masarauta suna cin rabonsu. Abin da Karl ya so shi ne ya cire waɗannan ƴan tsakiya, fatu masu tsada su shiga baitulmalinsa kai tsaye, ya kuma nuna wa Danmak da Rasha, waɗanda su ma suke karɓar haraji a arewa, cewa mutanen nan talakawansa ne. Mutumin da ke yawo da garke yana da wuyar kamawa, sai aka nemi wurin da shi da kansa yake zuwa kowace shekara, aka kafa rumfa a nan, aka hana ciniki a wani wuri.

Kasuwar takan buɗe wajen 25 ga Janairu, ranar wani biki na coci, ta yi mako biyu zuwa uku. Mutum huɗu ne ke jiran makiyayi in ya iso: mai karɓar haraji, alƙali, limamin coci da ɗan kasuwa. Ya biya haraji, a yi masa shari'a in yana da ƙara, a yi wa ƴaƴansa wankan shiga addini, a tambaye shi karatun coci, sannan ya sayar da fatu ya sayi gishiri, gari, ƙyalle, azurfa, da barasa, wadda ta yi wa gidaje da yawa illa. A ƙarnin nan ne aka tilasta wa Sami jigilar ma'adini da dabbobinsu daga mahaƙar azurfa ta dutsen Nasa, wadda aka buɗe a 1635. A ƙarshensa kuma aka tsananta wa addininsu na gado. Bokayensu suna da ganga mai zane da suke duba da ita; aka bi gida-gida ana karɓewa, aka ƙone da yawa, aka kai wasu ɗakunan ajiya na Turai, inda kimanin 70 suka rage. A 1693, a garin Arjeplog, aka ƙone wani mutum mai suna Lars Nilsson, saboda ya koma ga ganga da yanka bayan jikansa ya faɗa rijiya ya mutu. Waƙarsu ta gargajiya, yoik, ita ma an ɗauke ta aikin shaiɗan.

Wanda ya san tarihin Dallol Mawri zai ji wasu abubuwa sun yi masa kama da na gida, ko da yake kamar da wane ba ta wane. Hatta suna: Mawri sunan da ya yaɗu ne a bakin Zabarmawa da takardun Faransa, mutanen kuwa Arawa suke kiran kansu. Labarin baka ya raba ƙasar gida biyu. Akwai Gubawa, ƴan ƙasa, waɗanda suka fara sare daji suka ƙulla amana da iskokin wuri. Cibiyoyinsu Lugu, inda Sarauniya take, da Bagaji, inda Baura yake. Ana cewa Sarauniyar farko daga Daura ta taso, dutsen Tunguma yana nuna mata hanya. Akwai kuma gidan sarauta, zuriyar Ari ɗan sarkin Barno, wanda ɗansa Akazama ake ɗauka Sarkin Arewa na farko, abin da galibi ake kai wa wajen ƙarni na 17, wato zamanin da ake kafa rumfunan Yokmok. Sarauta ta riƙe doki da yaƙi, daga Matankari har gidan Samna na Tibiri. Ƴan ƙasa suka riƙe ruwan sama, daji, farauta da shari'ar rantsuwa. Marc-Henri Piault ya tattara wannan tarihi cikin littafinsa na 1970, kuma har yau malamin da ke son koyar da shi da wuya ya samu abin da ya fi shi cika.

A irin wannan tsari kasuwa ba ta kafuwa da umarnin sarki kaɗai. Kamar sauran ƙasar Hausa, sai an yi mata kafi, an yi yanka, an nemi yardar mai wurin, domin taron baƙi da dukiya abu ne mai haɗari, kuma kasuwar da ba a gyara ba tana iya watsewa. Hausa ma da ta ce kasuwa tana ci, ta ɗauke ta abu mai rai da ciki. Ta cikin dallol ɗin ayari ke wucewa da rani, jakuna ɗauke da gishirin Foga daga kudu, fatake na bin hanyar Kabi da Gwanja. Arewa da Kabi kuwa sun haɗa kai wajen ƙin mulkin Sakkwato, musamman tun tawayen Yakubu Nabame na 1849, shi ya sa ƙarni na 19 ya ƙare alhali addinin gargajiya yana da ƙarfi a nan fiye da maƙwabta.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta sauka Matankari, ta auka wa Lugu. Maharba suka tare ta da kibau, suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce ta yi kisan Birnin Ƙonni a watan Mayu, shugabanninta biyu kuma sojojinsu suka kashe su a Yuli. Amma abin da ya sake fasalin kasuwannin Arewa ya zo ne a hankali, bisa takarda. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta ja iyaka ta cikin dallol ɗin, ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato. Ta 1904 da ta 1906 suka gyara ta. Aka raba Arawa biyu: wasu a Nijar, wasu a ƙasar da yau ake kira Arewa Dandi a jihar Kebbi, mai hedkwata a Kangiwa. Abin lura, lokacin da Suwidin da Norwe suka ja tasu iyakar a 1751, sun haɗa da wata takarda da ta ba makiyayan Sami damar ƙetarawa da garkensu. Masu zana iyakar Arewa ba su tambayi kowa ba.

A 1906 Faransawa suka kafa bariki a Dogondutsi, sarautar Arewa ta biyo su can, Matankari ta koma baya. Daga nan labarin ya yi kama da na Karl na 9 ƙwarai. Inda kumandan yake nan kotu take, nan ake kai lanho, nan ake tara mutanen aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Da aka ce haraji sai da kuɗin Faransa, wuri ya daina amfani, dole manomi ya kai hatsi ko akuya kasuwa, ko ya tafi cin rani Najeriya da Gwalkwas. Kasuwa a kai miki dole, in ji masu magana, kuma a shekarun nan maganar ba ta da wani ɓoyayyen ma'ana. Da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta bi ta Kore Mairuwa da Dutsi, sai kasuwar Juma'a ta Dutsi ta shanye na kewaye, Lugu kuwa ta rage can arewa, nesa da kwalta.

Inda labaran biyu suka rabu shi ne wajen addini. Ba wanda ya ƙone Tunguma, ba a kuma kafa kotun kama masu bori irin ta Arjeplog ba. Turawa dai sun ɗauki sarakuna abokan aiki, suka bar ƴan ƙasa ba albashi ba kujera, sai rabin tsarin ya yi ƙiba rabi ya rame. Musulunci kuma ya yaɗu ta hanyar fatake, malamai da ƴan cin rani, mutane suka karɓe shi da kansu, har ya zama addinin mafi yawan Arawa bayan tsakiyar ƙarni na 20. Adeline Masquelier, wadda ta zauna Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta yadda kasuwar garin ta zama fagen ja-in-ja tsakanin alhazai ƴan kasuwa da ƴan bori kan wane ne ke da hakkin tsare ta. Wannan bambanci yana da nauyi ga mai shirya biki. A Suwidin akwai wanda zai nemi gafara: cocin ƙasar ya yi haka a bainar jama'a ranar 24 ga Nuwamba 2021 a Upsala. A Arewa mai salla da mai tsafin gado sau da yawa kakansu ɗaya, kuma gardamar cikin gida take.

Yadda Yokmok ta juya ba dare ɗaya ba ne, kuma sai da abubuwa suka ƙara muni. A 1913 aka kafa wa ƴaƴan makiyaya makarantu na dabam masu ƙarancin karatu, da Suwidanci, bisa ra'ayin cewa makiyayi ya zauna makiyayi. Malamin da ya ji labarin alamar da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa a lakwal zai gane irin ciwon. A 1922 aka buɗe wata cibiya a Upsala wadda ma'aikatanta suka riƙa zuwa arewa suna auna kawunan Sami suna ɗaukar su hoto tsirara da sunan ilimin launin fata. An datse kogin Lule don wutar lantarki, tashar Porjus ta fara aiki a 1915, madatsar Suorva ta cinye makiyaya. Ita kasuwar kanta, da hanyar jirgin ƙasa da kantuna suka iso, ta rage kwana, ta kusa zama tarihi.

Abin da ya fara dawo da ita makaranta ce. A 1945 makarantar manya ta Sami, wadda aka kafa a 1942, ta ƙaura zuwa Yokmok, tana koyar da harshe da sana'ar hannu: wuƙa mai kube na ƙaho, akushin itace, ɗinkin zaren kuza. A 1953 aka yi taron farko na Sami na ƙasashen arewa a garin. Sai a 1955, wajen cikar shekara 350, aka soma tallata kasuwar ga baƙi. Da kayan jabu suka cika rumfuna, masu sana'a suka fito da hatimin kansu a 1982, don mai saye ya san abin da hannun Sami ya yi. A 1989 aka buɗe gidan tarihi mai suna Ájtte, kalmar da ke nufin rumbun ajiya da ake ɗorawa bisa sanduna. Ranar 6 ga Fabrairu 1993 kuma, a nan aka fara bikin ranar al'ummar Sami, don tunawa da taronsu na 1917 a Trondheim wanda wata mata, Elsa Laula Renberg, ta jagoranci kiransa. Jerin shekarun nan shi ne darasin da ya fi amfani: shekara 10 makaranta ta riga talla, kuma lokacin da baƙi suka zo sun tarar da mutanen da suka iya faɗin abin da suke nunawa.

Yanzu kasuwar tana buɗewa Alhamis ta farkon Fabrairu ta tashi Asabar. Gari mai mutum kusan 3,000 yana karɓar baƙi dubu 30 ko fiye. Ana jerin gwanon barewa cikin gari, ana tsere bisa daskararren tafki, ana yoik a fili, har cikin coci. A 2021 annobar korona ta sa aka yi ta ta intanet. Sai dai riga mai launi ba ta hana haƙa ba. A Gállok, yamma da garin, makiyaya sun tare hanya a 2013 don hana wani kamfanin Ingila haƙar ƙarfe a tsakiyar hanyar garkensu, gwamnati kuma ta ba kamfanin izini a Maris 2022. Kasuwar da jaridu ke nunawa da kyawawan hotuna ita ce kuma wurin da ake ɗaga allunan ƙin amincewa. Biki ya dawo wa Sami da murya da ɗan kuɗin shiga. Hukunci kan ƙasa yana Istokholm.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga al'adar gargajiya ta koma biki. Maƙwabtan Arewa na Argungu sun yi haka a 1934, lokacin da Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓi Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu da wasan su a Matan Fada, alamar tsohuwar gaba ta mutu. Gyaran ruwa da aikin Sarkin Ruwa sun riga wannan rana da nisa, amma sarauta ce ta ɗora su bisa dandali, gwamnati ta ɗauki nauyi, UNESCO ta sa bikin cikin jerinta a 2016. Da kuɗi da tsaro suka yi wuya, bikin ya tsaya bayan 2009, bai dawo ba sai 2020. A Nijar ma kokuwar ƙauye ta bayan girbi ta zama gasar ƙasa a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara lashe ta. Ta samu takobi da talabijin, kuma ta yi nasara ƙwarai. Layu da kirari sun shiga fili ba wanda ya ce uffan, wataƙila don an kira abin wasa.

Lugu ta fi wannan wuya. Sunan Sarauniya ya zagaya duniya ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda a Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an sa wa wata lambar girma ta ƙasa sunan Sarauniya Mangu. Wadda ƴan makaranta suka sani jaruma ce mai kwari da baka. Wadda Lugu ta sani tsohuwa ce cikin farin zane, tana zaune ɗakinta tana kaɗi, ba ta yawo, kuma in ta rasu gawarta ce ke nuna magajiya ta hanyar tarkama. Ta farkon ana iya kwaikwayonta a filin wasa kowace shekara. Ta biyun ba a ɗora ta bisa mota a kai ta Dutsi don gwamna ya gaishe ta, Tunguma kuma ba kayan kallo ba ne ga waɗanda har yanzu suke kai masa ƙara. Gangunan Sami sun samu shiga gidan tarihi ne bayan an raba su da masu buga su. Wanda ya yi gaggawar sa kayan Lugu cikin gilashi ya kamata ya tambayi kansa ko ba aikin nan yake ƙarasawa ba.

Abin da ya fi sauƙin ɗauka daga Yokmok shi ne na ƙasa-ƙasa: maƙeri da masaƙi da mai tukwane su san cewa rumfarsu ba za ta nutse cikin robar Sin ba, tsofaffin da suka san jerin sarakuna da sunayen rijiyoyi a ɗauki muryarsu da izininsu, a ajiye kwafi a garinsu, ɗalibai su rubuta da Hausar Arewa yadda ake faɗinta. Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu tun 1973 a Damagaram, kuma dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, saboda haka malami yana da abin dogara in ya nemi a ba tarihin Gubawa awa guda a aji. Manoman dankalin turawa na Dutsi, waɗanda amfaninsu ke nuna a cikin ɗari, su ma suna da abin kawowa, kuma kasuwar da mutanen gari ke samun riba cikinta ba ta jiran tallafin ma'aikata kafin ta ci.

Saura maganar rana. Karl na 9 kalanda ɗaya ya duba, ta coci. Mai shirya taro a Arewa yana da uku a gabansa: ta manomi, wadda ta ce a jira hatsi ya shiga rumbu, ta lakwal, wadda hutunta na ƙarshen Disamba gajere ne, da ta wata. Daga 2026 zuwa wajen 2033 watan azumi cikin ɗari yake faɗowa, yana ja baya daga Fabrairu zuwa Janairu zuwa Disamba. Ga kuma halin tsaro a ƙauyukan arewacin Dutsi da bakin iyaka, wanda ya sa tafiyar da a da ake yi da babur ba tunani yanzu sai an yi shawara. Ƴan uwan Kangiwa, in za a gayyace su, ta wannan iyaka za su biyo.